Babura Shida, Biyu Ne Masu Madubi: Nazarin Tafiyar Yini Guda Daga Ikorodu Zuwa Epe

Mu bakwai muka fita a kan babura shida, wata Lahadi cikin watan Oktoba, daga Sabo ta Ikorodu zuwa Epe, da niyyar mu wuni can mu dawo kafin magariba. Sai bayan isha'i muka shigo gida, da babura biyar. Na shidan mun baro shi a rumfar wata mata a bakin hanya, mai shi kuma ya iso a motar haya da hannu rataye a wuya. Bai rasa ransa ba, bai nakasa ba, mun gode wa Allah. Amma tsakanin faɗuwarsa da lokacin da muka farga ba ya cikinmu, an yi kusan minti ashirin da biyar. Mintocin nan ne suka zaunar da ni rubuta wannan. Faɗuwa ba baƙuwa ba ce wurin wanda babur ne abincinsa. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne yadda manya shida, biyar daga cikinmu mun yi shekara da shekaru muna tuƙi a titunan Legas, muka bar yaro a baya muka yi ta tafiya ba mu sani ba.

Ba zan kama sunan kowa ba. Zan kira kowa da abin da muke kiransa a tasha.

Su wane ne, kuma me ya fitar da mu

Babbanmu mutumin ƙasar Katsina ne, ya doshi hamsin, ya haura shekara ashirin a Legas. Tun daren da aka fara maganar tafiyar aka laƙaba masa Madugu, sunan kuwa ya bi shi har yau. Akwai Bakanike, mai gyara mana babura, wanda shi ma yakan taɓa acaba da yamma. Akwai wa da ƙani 'yan Argungu. Akwai Malam, mai ja mana salla a masallacin tasha, shi ba ya tuƙi, Madugu ne ya goya shi. Sai ni. Sai Auta, yaro ɗan shekara goma sha tara daga Jigawa, watansa takwas da zuwa, babur ɗin da ke hannunsa ma na wani Alhaji ne da yake kai wa balas duk mako.

Yawancinmu ba a Ikorodu muka fara ba, doka ce ta turo mu. Ranar 1 ga Yunin 2022 gwamnatin Babajide Sanwo-Olu ta hana acaba ɗungurungum a ƙananan hukumomi shida: Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Mainland, Lagos Island da Apapa. Ranar 1 ga Satumba na shekarar aka ƙara Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin. Babur ɗin da aka kama a waɗannan wurare murƙushe shi ake yi. Ketu da Mile 12, waɗanda su ne ƙofar Ikorodu zuwa cikin Legas, suna cikin Kosofe, saboda haka ɗan acaban Ikorodu da ke son yawo ba shi da hanyar yamma. Gabas ce a buɗe, kuma gabas ita ce Epe.

Maganar ta taso ne a teburin mai shayi. Auta ya ce shi tun da ya zo bai taɓa ganin gona ba, har ya fara zaton babu ƙasar noma a Legas, sai kwalta da gadoji da gidajen haya. Aka yi masa dariya. Madugu bai yi ba. Ya ce yaron gaskiya ya faɗa, domin shi kansa ya yi shekara ashirin yana kai mutane inda suke so, bai taɓa hawa babur ya je inda shi yake so ba. Babban ɗan Argungu ya ja: tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 kowace lita sai an yi mata lissafi, a ƙona tanki guda babu fasinja, a kuma rasa cinikin Lahadi, wannan a wurinsa almubazzaranci ne. Ni ina bayan Madugu, kuma har gobe ina bayansa. Mutumin da ya baro iyalinsa a arewa, yake kwana a ɗaki ɗaya da mutum biyar, yake shaƙar hayaƙin mota daga asuba zuwa dare, yana da haƙƙin yini guda da zai ga kore ya ji iska. Abin da ya faru daga baya bai sauya mini wannan ra'ayi ba.

Shirin daren Asabar

An yi shiri, kuma ba na wasa ba. Ina so a san wannan, domin da labarin ya bazu a tasha wasu sun ɗauka tashi kawai muka yi muka bazama.

Kowa ya zuba naira dubu biyar a hannun Malam, na abinci da ko-ta-kwana. Madugu ya ce kowa ya fito da takardun babur da katin shaidarsa a gani, ya kuma ce wanda ba shi da hular kwano ya aro ko ya zauna. Ba don dokar kawai ba, ko da yake hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sanya hular tun 1 ga Janairun 2009. Dalilinsa shi ne babura shida na 'yan arewa a jere, suna ratsa ƙauyukan da ba a san su ba, abu ne mai ɗaukar ido a zamanin nan da kowa ke ɗar-ɗar. Ya ce a duk shingen da aka tsayar da mu, shi kaɗai zai yi magana, sauran a kashe inji a cire hula a gaisa. Madugu yana jin Yarabanci kamar a Ikorodu aka yanke masa cibiya, wannan kuwa ya yi mana rana sau biyu a hanya.

Bakanike ya bi baburan ɗaya bayan ɗaya. Ya duba baƙin mai, ya ɗaure cen ɗin da ya saki, ya ja birki, ya taɓa iskar taya. Ya zuba sifana, fulogi biyu, tib guda da famfo a jakarsa. Da ya zo kan na Auta sai ya shafa tayar baya ya ce ta suɗe. Auta ya ce sai ƙarshen wata Alhaji zai canja. Bakanike ya ce, "Za ta kai ta dawo, in dai babu ruwa." Duk mun ji, ba wanda ya ƙara kalma.

Aka tsara jeri. Madugu a gaba da Malam, 'yan Argungu biyu a bayansa, sai ni, sai Auta, sai Bakanike a ƙarshe, don duk wanda babur ɗinsa ya tsaya ya same shi a baya. Aka kuma yanke cewa ƙarfe uku na yamma za a baro Epe.

Abin da ba wanda ya ambata shi ne madubi. Cikin babura shida, na Madugu da na Bakanike ne kawai masu madubi. Wanda bai san sana'ar ba zai yi mamaki, amma mu a wurinmu ba abin magana ba ne. Ɗan acaba da yawa ranar da ya karɓi sabon babur yake kwance maduban ya jefa a ƙarƙashin gado, saboda a cunkoso su ne ke hana shi kutsawa tsakanin motoci, su ne kuma ke fara fashewa. A cikin gari abin da ke gabanka kake kallo, na baya da kunne kake jin sa. Nawa babur ɗin ya shekara uku babu madubi, ban taɓa jin na rasa komai ba.

Tafiyar zuwa

Ƙarfe bakwai da rabi muka tashi. Daga Sabo muka bi ta Itamaga, muka ɗauki hanyar da ta nufi Itoikin. Har zuwa Maya da Adamo gari ne bai ƙare ba, shaguna da gidajen bulo da tifofin yashi. Sai da muka doshi Imota ƙasa ta fara buɗewa. A nan muka yi tsayuwar farko, daga nesa muna hango katafaren injin cashe shinkafa na gwamnatin jiha, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a Janairun 2023, aka ce yana iya cashe tan 32 a awa guda. 'Yan Argungu suka tsaya suna kallonsa shiru. Ƙaramin ya ce su a gida fadamar ubansu ke ba da shinkafa, ga shi sun baro ta sun zo nan suna ɗaukar fasinja. Ya tuna lokacin da Legas da Kebbi suka haɗa hannu suka fitar da shinkafar Lake Rice a 2016, yana yaro yana taya babansa yanka.

Daga Imota zuwa Agbowa zuwa Itoikin, nan ne abin da muka fito nema yake. Bishiyoyin kwakwar manja a jere har inda ido ya tsaya, gonakin rogo, ayaba ta sunkuyo da nauyin 'ya'yanta, gora ta yi rumfa a kan ƙoramu. Iskar ma wani ƙamshi gare ta, na jiƙaƙƙiyar ƙasa da hayaƙin itacen matan da ke suyar garin rogo a bakin hanya. A kan gada muka rage gudu muna kallon masu kwale-kwale suna jefa birgi. Na juya na ga Auta ya ɗaga gilashin hularsa yana ta washe baki. A tsayuwa ta gaba ya ce mini, "Yaya, ashe haka Allah ya yi ƙasar nan? Ko'ina ruwa, ko'ina kore, amma ban ga gero ko kara ɗaya ba." Na ce masa ai ruwan ne ya yi wa gero yawa. Ya kira mahaifiyarsa ta bidiyo ya nuna mata dajin. Cajin wayarsa daga nan ya fara tafiya.

Ku lura da cewa na ce na juya. Da safe, rana a sama, gudu kaɗan, juyawa ba wuya. Kowa yana waiwaye yana ɗaga wa na baya hannu. Rashin madubi bai nuna kansa ba ko kaɗan, shi ya sa muka ɗauka tsarinmu yana aiki.

An tsayar da mu sau biyu, sau ɗaya jami'an tsaro, sau ɗaya 'yan sintirin wani ƙauye. Duka biyun Madugu ya sauka ya gaisa da Yarabanci, ya nuna takardu, ya ce kifi za mu ci a Epe. Na biyun har suka kwatanta mana inda kwalta ta fashe a gaba.

Epe

Mun shiga Epe wajen goma da rabi. Gari ne a kan tudu, yana kallon ruwa, kuma gari ne na Musulmi, masallatai ko'ina. Wani dattijo da muka zauna kusa da shi bayan azahar ya ba Madugu tarihin da shi ya fassara mana: a nan Sarki Kosoko ya sauka da mutanensa bayan Turawan Ingila sun yi wa Legas ruwan wuta a 1851, shi ya sa har yau akwai ɓangaren Eko Epe da na Ijebu Epe, kuma bikin Kayokayo da suke yi a farkon shekarar Musulunci yana tuna wannan zuwan. Ƙaramin ɗan Argungu ya tambayi Malam ko za mu yi ƙasaru. Malam ya ce a mazhabar Malikiyya sai tafiya ta kai mil 48, tamu ba ta kai ba, ga shi kuma bayan limamin gari muka yi salla.

Kasuwar kifi ta Oluwo ita ta cinye mana lokaci. Mata ne ke riƙe da ita, ga tarwaɗa da rai a cikin baho, ga karfasa, ga kaguwa da jatan lande, ga banda an jera. 'Yan Argungu suka koma gida a ransu, suna ɗaga kifi suna duba ƙasan kunnensa, suna ciniki da hannu da guntun Yarabanci. Aka sayi na ci, aka sayi na tsaraba, har da saƙon mutanen tasha. Da aka gama sai ga kaya ya cika babbar kula da buhu guda. Aka duba wa zai ɗauka. Madugu yana da goyo, Bakanike yana da jakar kayan aiki, kariyar babur ɗin Auta, wato wurin ɗaura kaya na baya, ita ce ta fi faɗi. Aka ɗaure masa kular da roba, aka ɗora buhun a kai. Shi da kansa ya ce a kawo, yana jin daɗin a ce ya yi wa yayyensa amfani.

Ƙarfe uku ta same mu a bakin ruwa muna cin gasasshen kifi. Wani ya ce tunda an kai haka a bari a yi la'asar. Magana ce mai kyau, ba mai musa ta. Ƙarfe huɗu da rabi muka tashi. Rana a Legas a watan Oktoba tana faɗuwa wajen shida da rabi, tafiyar kuma da safe ta ci mana awa uku da tsaye-tsaye. Ga hadari ya haɗo ta gabas, baƙi ƙirin.

Dawowa

Ruwan ya kama mu kafin Itoikin. Madugu ya tsaya, aka sa rigunan ruwa, masu shi ke nan, aka yi shawarar minti biyu. Ko a fake a jira, dare ya same mu a daji, ko a matsa zuwa Agbowa inda akwai gidan mai da rumfa. Aka zaɓi a matsa.

Daga nan abubuwa uku suka faru a jere, kuma sai daga baya muka haɗa su.

Babur ɗin ƙaramin ɗan Argungu ya fara shaƙewa, ruwa ya taɓa masa fulogi. Bakanike ya hango daga baya yadda yake fizga, sai ya ja mai ya wuce Auta, ya wuce ni, ya je ya jera da shi yana yi masa nuni da kada ya saki mai. Aikinsa yake yi, gyara. Amma da wucewarsa Auta ya zama na ƙarshe, ba wanda ya faɗa, ba wanda ya lura.

Na ga wucewar Bakanike da idona. Ban kawo komai a raina ba. Ruwa yana dukan gilashin hulata, na sunkuyar da kai ina bin jar fitilar da ke gabana, ina kauce wa ramukan da ruwa ya rufe. A irin wannan yanayi ba mai waiwaye, domin juya kai na daƙiƙa ɗaya ya isa ya kai ka ƙasa. Da ina da madubi, ƙyallin fitilar Auta kawai nake buƙata, in na daina ganin sa in tsaya. Ba ni da shi.

Su na gaba kuma gudu ya ƙaru, ba da niyya ba. Kowa yana son ya kai rumfa. Auta ya ga tazara tana buɗewa, ga dare yana yi, ga daji, ga shi bai san hanya ba, sai ya ƙara mai don ya kamo mu. A wata kwana tsakanin Itoikin da Agbowa ruwa ya kwaso yashi ya shimfiɗa a kan kwalta. Ya shigo da gudu, ya ga kwanar ta fi yadda ya zata, ya taka birki. Tayar da ta suɗe, ga kaya mai nauyi a sama can baya yana rinjayar babur, ga yashi a kan ruwa. Bayan babur ɗin ya zame ya kwashe shi. Ya dafa ƙasa da hannun dama, salansa ta kwanta masa a ƙauri.

Mu kuwa muka isa gidan man Agbowa muka faka muna karkaɗe jiki. Malam ne ya ƙirga. Ya ce, "Ina yaron nan?" Aka ce yana tafe. Aka jira minti biyar. Aka kira wayarsa, a kashe. A nan na ga fuskar Madugu ta sauya irin yadda ban taɓa gani ba. Ya ce da ni, "Kai ne a gabansa. Yaushe rabonka da shi?" Na buɗe baki na rasa amsa, domin gaskiyar ita ce tun inda muka sa rigunan ruwa.

Ni da Madugu da Bakanike muka juya. Tafiyar nan ta komawa, a hankali, muna haska kowane rami da kowane gefen daji, ba na fatan Allah ya maimaita mini irinta.

Mun same shi a rumfar wata mata mai sayar da manja da garin rogo. Ita da ɗanta suka ji ƙarar faɗuwar, suka fito cikin ruwa suka ɗaga babur daga kansa, suka shigar da shi. Ta lulluɓe shi da zaninta, tana ta ce masa "pele, pele", shi ba ya jin Yarabanci, ita ba ta jin Hausa. Har kifin da ya watse ɗan nata ya tsince ya mayar cikin kula. Hular kwanon ta tsage ta gefe guda. Na riƙe ta a hannu na daɗe ina kallon tsagar.

Bakanike ya zaro man birki zai zuba masa a ƙunar, yadda aka saba a gareji. Madugu ya riƙe hannunsa. Aka wanke ciwon da ruwa mai tsabta, aka rufe da ƙyalle mai kyau, aka tallafe hannun da kwali aka rataye shi da rawanin da muka karɓo daga wurin Malam. Madugu ya tambaye shi ko wuyansa ko bayansa na ciwo, ko ya suma, ya ce a'a. Muka tare motar haya, aka biya daga kuɗin ko-ta-kwana, ta ɗauki Malam a Agbowa ya raka shi wani asibiti a Ikorodu. Hoto ya nuna ƙashin wuyan hannu ya tsage. Aka sa masa filasta, aka yi masa allurar tetanus. Wasu a tasha sun so a kai shi wurin mai ɗori, Madugu ya ce tunda an riga an ga ƙashin a hoto a bar likita ya ƙarasa. Matar nan ta ƙi karɓar ko sisi, sai kifi muka bar mata da ƙyar.

Zaman da aka yi bayan mako guda

Mun zauna a masallacin tasha bayan isha'i, kuma ba a tashi da baki ɗaya ba.

Babban ɗan Argungu ya ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa, a bar tone-tone. Malam ya ce ƙaddara gaskiya ce, amma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali, mu kuwa akwai igiyoyin da muka bari a kwance. Bakanike ya ɗora wa kansa laifin duka, ya ce shi ya ga tayar ya ƙyale, shi kuma ya bar wurinsa. Madugu ya ce a'a, shi ne ya ga uku ta yi bai ce a tashi ba.

Ni ga yadda nake ganin abin, bayan na juya shi a raina dare da rana.

Tayar, da kayan, da lattin tashi, da yashin, su suka kayar da Auta. Kowanne da an gyara shi da wataƙila bai faɗi ba. Mafi muni a cikinsu a ganina shi ne kayan: mun ɗauki nauyi mafi yawa muka ɗora wa mafi ƙarancin gwaninta, a kan mafi raunin taya, don kawai kariyarsa ta fi faɗi kuma shi ne ƙarami ba zai ce a'a ba. Al'adarmu ta yaro shi ke ɗaukar kaya tana da kyau a ƙafa. A kan babur cikin ruwa ba ta da kyau.

Amma faɗuwa daban, bari a baya daban. Abin da ya sa muka bar shi ba ruwan taya a ciki. Mu gwanaye ne na wata irin tafiya, muka shiga wata irin tafiyar da gwanintarmu ba ta san ta ba. Acaba sana'ar mutum ɗaya ce. Tafiyarka minti goma ce, idonka yana gaba, ɗan'uwanka da ke kan titi abokin rige-rigen fasinja ne, ba wanda aka ba ka amanarsa ba. Shekara goma kana haka, jiki ya saba, har ka cire madubi don ba ka da abin nema a baya. Tafiyar ayari kuwa akasin haka take. Kakanninmu fatake da suke zuwa Gwanja sayen goro sun san wannan, shi ya sa ayarinsu ke da madugu da jagaba da malami, kowa da aikinsa, kuma tafiyar jakin da ya fi gajiya ita ce tafiyar ayari duka. Mun ari sunan madugu don raha, ba mu ari tsarin ba.

Kuskuren tsarinmu shi ne mun ɗora tsaron baya a kan mutum ɗaya, muka kuma ba shi aiki na biyu da dole wata rana ya janye shi daga wurin. Bakanike ba zai iya zama mai gyara kuma mai rufe baya a lokaci guda ba. Madubinsa ma, da yake shi ne na ƙarshe, ba kowa yake nuna masa ba sai titi. Madubin Madugu kuma iyakarsa mutum ɗaya ko biyu da ke bayansa. Tsakiyar jerin, inda ake buƙatar ido, nan ne babu. Da kowannenmu an ce masa na bayanka amanarka ne, in ka daina ganin fitilarsa ka tsaya, da tsayuwata ta tsayar da na gabana, tasa ta tsayar da na gabansa, har ta kai ga Madugu cikin minti ɗaya ko biyu. Auta ma da ya san ba za a bar shi ba, da bai ƙara mai a kwanar nan ba. Ya faɗa mini da bakinsa: "Yaya, ba gudu nake so ba, tsoro na ji ku ɓace mini."

Wannan maganar ta fi komai tsaya mini. Ni ne a gabansa.

Akwai abin da muka yi daidai, kuma ba zan rage masa daraja ba. Hular kwano da Madugu ya dage a kanta ita ta karɓi dukan da kan yaron zai karɓa. Kuɗin da aka tara ya biya mota da hoton ƙashi ba a tsaya neman rance ba. Malam ya ƙirga mutane lokacin da kowa ke ta kansa. Ba a zuba man birki a ciwo ba. Sai dai a zaman ne muka gano cewa cikinmu mutum biyu kawai suka san lambar agajin gaggawa ta Legas, 112 ko 767, da ta hukumar kiyaye haɗurra, 122. Da abin ya fi haka, da mun tsaya muna kallon juna.

Auta ya yi mako shida bai hau babur ba. Mu shida muka raba balas ɗin Alhaji a tsakaninmu har ya warke, muka gyara kan babur ɗin da ya lanƙwashe, muka sa sabuwar taya. Babban ɗan Argungu, wanda ya ce a bar tone-tone, shi ya fara kawo nasa kason duk Juma'a. Har yanzu yana nan a kan cewa tafiyar ba ta da amfani tun farko, kuma ya ce ba zai sake zuwa ba. Ƙaninsa ya ce zai je.

Washegarin zaman na durƙusa na jawo maduban nan biyu daga ƙarƙashin gado, na kai wa Bakanike ya ɗaura. Kwana uku ina karo da motoci a cunkoson garejin Ikorodu kafin hannuna ya saba da faɗinsu. Madugu ya ce in rani ya shigo za a koma, a tsaya a rumfar matar nan a kai mata turmin atamfa. Auta ya ce shi zai riƙe atamfar, aka ce masa a'a, a bayan Madugu zai jera, kuma ba a ɗora masa komai.